Ƙwaryar da Ta Tsufa a Kwatano

Muna tsallake iyaka daga Lolo zuwa Madekali na gane cewa Alhaji Sanda na kasuwa daban, Alhaji Sanda na hanya daban. Na kasuwa mutum ne mai fara'a, mai durƙusawa har ƙasa ya gaida mahaifina, ya ɗauki ƙwaryar da muka zana yana juya ta a hankali yana masha Allah. Na hanya kuwa gaban mota ya shige ya ja gilashi. Ni aka cusa ni a baya cikin buhunan albasa, da buhun ƙoraina a kan cinya. Har Malanbil ko waiwaye bai yi ba.

Sunana Lawwali. Gidanmu gidan gyartai ne: muna zana ƙorai da wuƙa da ƙarfe mai zafi, muna ɗinke waɗanda suka fashe. Kakana da wannan sana'a ya riƙe gida har ya sayi shanu. Mahaifina, Malam Umaru, a kan idonsa ta mutu. Roba ta zo, silba ta zo, matan Fulani da ke cika ƙofar gidanmu ranar kasuwa suka koma tallar nono a bokitin fenti. Baba ya tsufa, ciwon ƙirji ya zaunar da shi, ya koma kan tabarma yana tari yana kallon robobi ja da shuɗi suna wucewa a kan mutane. A haka Alhaji Sanda ya same mu. Dillalin kayan gargajiya ne, mutumin Malanbil mai zama a Kwatano. Ya ce a can akwai gidajen da ake ajiye aikin hannu cikin gilashi, jama'a su shiga kallo, kuma ƙarƙashin kowane abu ana rubuta sunan wanda ya yi shi da garinsu. Ya ce in aka ba shi ni, shi zai sa a rubuta sunan gidanmu.

Baba bai tambayi abin da za a biya ni ba. Magana ɗaya ya riƙe.

“In anka rubuta, ka ɗauko min hoto,” in ji shi. “Ban iya boko ba, amma a gwada min inda sunan yake in aza yatsa bisa.”

Wannan hoton na fito nema, ba wani abu ba.

A Kandi mota ta tsaya a ci abinci. Alhaji ya shiga inda ake zama a kan kujera, ya bar ni ina gadin kaya. Wata mata da muke baya tare, ba ta jin Hausa ni ma ba na jin yarenta, ta kwance ƙullin leda ta miƙo mini soyayyen cuku da yaji. Na ce na ƙoshi, irin ƙoshin kunya. Ta dube ni, ta dubi cikina da yake ƙugi kowa na ji, ta ajiye mini a kan buhu ta juya kai. Har yau in na ci cuku matar nan nake tunawa, kuma ko sunanta ban sani ba.

Daga Paraku na fara ganin abin da babu shi a garuruwanmu: kowane shataletale da abin da aka kafa a tsakiyarsa. Nan mahayi a kan doki, can mace da tulu. A wajenmu da an ce gumaka ne, malamai sun yi wa'azi a kai. Na riƙa sunkuyar da kai ina a'uzubillahi, amma ido ba ya jin magana. A wani gari can kudu na ga ƙaton tulu na siminti, duk jikinsa huda, hannuwa sun tallabe shi suna toshe hudojin da yatsu. Wani fasinja mai jin Hausa ya ce ma'anarsa in kowa ya toshe huda ɗaya, ƙasa za ta riƙe ruwa. Na ce masa mu a gidanmu in aka kawo abu ya hude haka, gaskiya muke gaya wa mai shi, ya je ya nemi sabo. Bai yi dariya ba, har muka isa bai sake kula ni ba.

Kwatano gari ne da tufafi ba sa bushewa. Ka wanke riga da safe, da la'asar tana nan da danshinta, ga warin teku, ga 'yan kabu-kabu masu rawayar riga sun cika titi kamar an buɗe akurkin kaji. A unguwar Zango Alhaji ya sauke ni, inda ake jin Hausa da kiran salla, har raina ya ɗan kwanta. Amma ba gidan gilashi ya kai ni ba. Wani fili ne a bayan gidansa, an kewaye shi da kwano, da rumfa, da murhu, da ramuka a ƙasa. Akwai wasu masassaƙa 'yan ƙasar suna sassaƙa fuskoki da kujeru. Ya nuna mini tabarma a gefen rumfar ya ce nan ne ɗakina, nan ne wurin aikina.

Na zauna na yi aiki, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne abin da ake yi wa ƙwarya bayan na gama. A jiƙa ta cikin ruwan makuba har ta yi duhu. A rataye ta a saman murhu ta sha hayaƙi. A goga mata kunkunniya da man shanu, sannan a binne ta a rami gara ta ɗan taɓa bakinta. Ƙwaryar da ta fita daga hannuna fara sol, sai a tono ta kamar wadda aka gada daga kakar kaka. Ni ake sa yin jiƙon, har hannuwana suka rine zuwa gwiwar hannu, sabulu ya kasa.

Na tambayi Alhaji dalili.

“Mutanen birni haka suka son ta,” ya ce. “Kai dai yi aikinka. Kowa da launin da ya ka burge shi.”

Na yarda, don ina so in yarda.

Duk Juma'a bayan an sauko, maƙwabcinmu na Lolo yakan kai wa Baba waya. Gaisuwa kaɗan, tari mai yawa, sai tambaya.

“An rubuta?”

“Tukuna, Baba.”

“To, Allah shi sa a rubuta.”

Mutumin da ya nuna mini garin sunansa Kojo. Mai fenti ne, ɗan ƙasar, Kirista, shi ke zana allunan masu aski da masu shayi a Zango, a nan ya tsinci Hausarsa mai giɓin haƙora. Ya leƙo filinmu neman gawayi, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake jan ƙarfe a bayan ƙwarya ba tare da na fara shata layi ba. Ya ce, “Kai malami ne. Lahadi zo, ni nuna maka nawa.”

Ya ɗauke ni a kan tsohon babur ɗinsa. Muka fara da shataletalen jan tauraro da ke tsakiyar gari, mai dogon ginshiƙi da mutum a can ƙoli riƙe da fartanya. Muka je wurin mutum-mutumin wata jarumar mace, wadda tsayinta ya fi gidan bene, takobi a hannu ɗaya bindiga a ɗaya, mutane suna ta ɗaukar hoto a gindinta ba su kai ko idon sawunta ba. Na tsaya baki buɗe, na manta da a'uzubillahi. Amma abin da ya tsaya mini a rai dogon bangon da ke kusa da tashar jiragen ruwa ne. Ka yi ta tafiya ba ya ƙarewa, kuma duk an zane shi: sarakuna, masunta, mata masu manyan idanu, tsuntsaye, launin da ban san sunansa ba. Kojo bai nuna mini fuskokin ba. Ƙasa yake nuna mini, kusurwar kowane zane.

“Ga suna. Ga suna. Wannan daga nesa ya zo. Wannan mace ne. Kowa suna.”

Ya ce shi ko allon mai aski ya zana sai ya sa sunansa a gefe, in mai shago ya ƙi, ya kwashe gwangwanayensa ya tafi. Ya tambaye ni ina nake sa nawa. Na ce mu ba ma sawa, a garinmu kowa ya ga zanen ya san gidan. Ya ce, “Nan ba garinku ba.” Ranar na koma tabarmata da ƙyashi a raina, ba zan ɓoye ba. Mutum ya zana kan ƙato mai sanƙo a allon aski yana da suna, ni da na gaji sana'ar kakanni ina jiƙa makuba a bayan kwano.

Sai na ƙudura in yi wadda ba za a iya ƙin rubuta suna a kanta ba. Na zaɓi babban masaki, wanda ya fi kowanne sumul a buhuna. Na zuba masa zanen gidanmu gaba ɗaya, wanda Baba ya ce shi ma sau ɗaya ya taɓa gama shi: sawun shanu suna gangarowa daga baki, su haɗu da igiyar ruwa a tsakiya, sannan ƙayar kifi ta kewaye gindi. Na daɗe a kansa, idona har ruwa yake yi. Da na gama, masassaƙan nan da ba ma jin yaren juna suka ajiye gizago suka zo suka tsaya.

Alhaji ya zo ya juya shi, ya ce masha Allah irin ta kasuwar Lolo. Sannan ya aika aka kawo taɓarya, ya kife masakin a ƙasa, ya ɗan dake shi a gefe. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Tsaga ta tashi daga baki ta ratsa sawun shanun har cikin ruwan.

“Alhaji, mi nai maka?”

“Ba kai ɗan gyartai ba ne? Ɗunke ta. Mai ɗunki ta hi tsada.”

Na ciro zaren kabata mai kyau, ya ce a'a. Ya jefo mini wani ruɓaɓɓen zare da ya kwana cikin makuba har ya yi baƙi. Na ce wannan ba ya kai damina. Ya ce, “Wa ya ce ma nono za a zuba?” Na ɗinke ina haɗiye hawaye. Aka jiƙa, aka rataye, aka binne, aka tono. Wata safiya aka naɗe shi a tsumma aka fita da shi.

Daga nan na fara bin Alhaji da roƙon ya kai ni in gani. Yau ya ce gidan a rufe yake, gobe ya ce ana gyara, jibi ya ce mai rubutun ya yi tafiya. Ranar da na matsa ya ce in na gaji da cin shinkafarsa, hanyar Lolo ba a toshe take ba.

Kojo ne ya zo da labari. An kira shi fentin katanga a Porto-Novo, a wani tsohon bene da wata attajira ta mayar gidan tarihi, ya leƙa ciki ya ga masaki mai sawun shanu. Ya rantse nawa ne. Na sa rigar sallata, na ari hula, na ce ya caja wayarsa ta cika don hoto.

Porto-Novo ta fi Kwatano natsuwa. Kojo ya bi da ni ta gaban wani babban masallaci mai launi-launi wanda na rantse coci ne sai da na ji an kira salla. Da wata rana ce da na tsaya kallo, amma hankalina ya riga ni isa benen. A ƙofa muka sami maigadi, wani dattijo Badende mutumin arewa, Malam Sule. Da ya ji daga Lolo nake ya riƙe hannuna bai saki ba, yana tambayar kogi, yana tambayar ko shinkafa ta yi bana. Shi ya shiga da mu da kansa.

Ciki sanyi kamar randa. Ganguna, ƙofofin katako, tsofaffin takubba, kowanne da fitilarsa. A ɗaki na ƙarshe na gan shi, shi kaɗai a tsakiya, cikin gilashi, a kan jan ƙyalle. Wasu Turawa biyu sun sunkuya suna kallo suna magana ƙasa-ƙasa. Wallahi ban taɓa ganin an girmama wani abu na gidanmu haka ba. Ga kuma 'yar farar takarda a gefe.

“Baba Sule, karanta min. Wane suna anka sa?”

Ya gyara tabarau ya bi layin da yatsa. “An ce ƙwaryar Hulanin bakin Kwara ce, ta zamanin kakanni, tun kahin zuwan Nasara. Wanda yay yi ta, ba a san shi ba.”

Na ce ya sake karantawa. Ya sake, bai canza ba.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye na fita. Amma da na matso sai na ga ɗinkin. Sanyin ɗakin ya busar da ruɓaɓɓen zaren, ya tsinke a wuri biyu, tsagar ta buɗe baki tana neman gangarawa gindi. A gidanmu akwai ƙa'idar da ba a karya ta: in ka ga ɗinkinka ya kwance, ko a gidan wa, ko a gidan wanda ba kwa ga maciji, za ka zauna ka gyara, ba ka karɓar ko goro. Na taɓa ganin Baba ya bar tuwon suna ya huce saboda ya hango ɗinkinsa ya saki a ƙwaryar wanke-wanke. Basilla da zaren kaba ba sa barin aljihunmu. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya shiga aljihu.

“Baba Sule, a buɗe min. Ɗunkina ya kwance.”

Kojo ya taka mini ƙafa. Malam Sule ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya rage murya.

“Ɗana, mai da abin ga aljihu. Ku ɗauki hotonku ku tai. Ni ban ji komi ba.”

“Ni niy yi ta. In anka bar ta haka rabewa za ta yi biyu.”

“Na jiya. Yi kurum.”

Ban yi kurum ba. Murya ta tashi, Turawan suka juyo, sai ga mai gidan ta sauko daga bene, wata dattijuwa mai furfura da tabarau a wuya. Ta tambayi abin da ke faruwa. Malam Sule ya yi ta kwana-kwana, ni kuwa ina ta nuna ƙirjina ina nuna gilashin. Dole ya fassara. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi wanda nake wa aiki, na ce Alhaji Sanda. Ta ce in miƙo hannuwana. Ta kama su ta juya, ta dubi rinin makubar da ya kama fatata, ta dubi masakin. Launi ɗaya ne. Ta yi ajiyar zuciya, ta ciro makulli ta buɗe gilashin.

Na ɗauka don in gyara ta buɗe. Har na fara zare kaba. Sai na ga ta ɗauke takardar ta ninke, ta ɗago masakin ta miƙa wa Malam Sule, ta kashe fitilar wurin.

Na ce ya roƙe ta. Na ce a bar shi inda yake, ni ba na son komai, takardar kawai za a canza a sa Umaru gyartai na Lolo da ɗansa Lawwali. Na ce akwai tsoho a gida yana jira. Malam Sule ya faɗa mata duka, na ga alamar har ya ƙara da nasa. Ta saurara har ƙarshe, ta ba da amsa a hankali, ta hau benenta.

“Ta ce aikin ya yi kyau,” in ji Malam Sule, bai dube ni ba. “Ta ce amma gidan ga na waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya ne. Aikin mai rai, kasuwa aka kai shi, bakin titi.”

A bakin ƙofa aka ajiye masakin, kusa da bokitin shara, kafin Alhaji ya zo ya ɗauki kayansa. Na zauna a ƙasa cikin rigar sallata na warware ruɓaɓɓen zaren, na ɗinke da kaba mai kyau. Malam Sule ya kawo mini ruwa ya tsaya a kaina. Kojo ya ciro waya ya ce ko ya ɗauka, na ce ya ɗauki me? Kafin mu koma Kwatano labari ya riga mu. Na tarar da tabarmata da buhuna a ƙofar masallacin Zango, an ce Alhaji ya ce in na sake taka filinsa zai haɗa ni da jandarma. Kojo ne ya ba ni wurin kwana a shagonsa cikin gwangwanaye, na koma dama masa fenti.

Ranar Juma'a waya ta shigo. Na so in ƙi ɗauka, na kasa. Tarin ya fi na kullum tsawo.

“An rubuta?”

Na gaya masa komai: gilashin, jan ƙyallen, fitilar, Turawan da suka sunkuya. Ya sa na maimaita wurin fitilar. Sannan na gaya masa an fitar.

“Don mi? Aikin bai yi ba?”

“Ya yi, Baba. Sun ce ba su aje aikin mai rai. Sai na wanda ya mutu.”

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, ina jin kukan awakin maƙwabcinmu a bayansa. Da ya yi magana, muryarsa har da ɗan farin ciki, irin na wanda ya samo dabara.

“To ai da sauƙi, Lawwali. Koma ka ce musu ni niy yi ta. Zanen gidanmu ne, ba ƙarya ka yi ba. Ka ce su ɗan yi haƙuri su aje min wurin, ba ni daɗewa.”

Na tsaya a ƙofar shagon da sandar dama fenti a hannuna, 'yan kabu-kabu suna ta wucewa. Na rasa bakin da zan gaya wa tsohon nan cewa ko gobe ya mutu, mutuwar tasa ta yi musu sabunta, ta kakannin kakanni suke nema.

Na ce, “To, Baba.”